Gaba jif, baya a-kori-kura: Abin lura kafin sayen ta hannu

Ɗan kasuwar da ke kwaso kaya daga sito zuwa shago da safe, sannan ya ɗauko yara daga makaranta da rana, motoci biyu yake buƙata, amma kuɗin guda ɗaya ne a hannunsa. Haka ma ma'aikacin gwamnatin da ke zaune a birni alhali gonarsa tana ƙauye, yana kai taki da damina, yana ɗauko hatsi da kaka. Irin waɗannan mutane ne suka fi sa ido a kan motar nan mai ƙofa huɗu da wurin zaman mutum biyar, wadda kuma take da buɗaɗɗen bodi a baya. Gabanta jif ne, bayanta kuwa a-kori-kura.

Sabuwarta ta fi ƙarfin mafi yawan masu sha'awarta, musamman tun bayan faɗuwar darajar Naira daga tsakiyar shekarar 2023. Saboda haka kasuwar ta hannu ake nufa, ko dai wadda aka shigo da ita daga waje, ko wadda aka yi amfani da ita a nan gida. Kuɗin da ake zubawa a cinikin ba na wasa ba ne. Wani jarinsa ne ya gutsura, wani kuɗin sallamarsa ne na shekara talatin da biyar a bakin aiki, wani kuma fili ya sayar. Idan aka yi kuskure, motar da aka saya domin ta rage wahala sai ta zama ita ce wahalar. Mafi yawan kurakuran kuwa daga wuri ɗaya suke tasowa: mai saye ya kalli fenti da fitilu, bai tsaya ya tantance wane aiki aka ƙera motar domin shi ba, kuma wane aiki shi zai sa ta.

Asali biyu, kama ɗaya

Duk da cewa daga nesa kamanninsu ɗaya ne, waɗannan motoci gida biyu suka fito. Kashi na farko motocin aiki ne da aka ƙara wa kujerun baya. A nan ake samun Toyota Hilux da Ford Ranger da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max da Nissan Navara, da kuma Toyota Tacoma da Nissan Frontier waɗanda ake kawowa daga Amurka. Dukkansu an ɗora jikinsu ne a kan shasi mai zaman kansa, wanda ya yi kama da tsanin ƙarfe a kwance, kuma mafi yawansu suna da sifirin na fallayen ƙarfe da aka jera a kan juna a ƙafafun baya. Wannan gini shi ke ba su juriyar nauyi da ramuka. Shi ne kuma dalilin da ya sa idan babu kaya a bayansu suke tsalle, wanda ke zaune a kujerar baya yana jin kowane gargada a ƙugunsa.

Hilux ce ta fi suna a wannan gida. Tun 1968 ake ƙera ta, kuma sunan da ta yi na juriya ya kai ga ana kiran ƙarshen yaƙin Chadi da Libiya na 1987 da Yaƙin Toyota, saboda rawar da motocin a-kori-kura na kamfanin suka taka a cikin hamada. Waɗanda suka fi yawa a kasuwar ta hannu a yau su ne zubin da aka yi daga 2005 zuwa 2015, sai zubin da ya biyo baya daga 2015.

Kashi na biyu kuwa jif ne na iyali da aka yanke bayansa aka yi masa bodi. Honda Ridgeline, wadda zubinta na farko ya fito daga 2006 zuwa 2014, na biyu kuma daga 2017, 'yar uwar Honda Pilot ce. Jikinta da shasinta a haɗe suke kamar na ƙaramar mota, tana da laushin tafiya, kuma a ƙarƙashin bodinta akwai wani akwati mai makulli da ake ajiye kaya. Ford Explorer Sport Trac, wadda aka daina ƙerawa a 2010, daga jif ɗin Explorer aka ciro ta, bodinta gajere ne, bai kai mita ɗaya da rabi ba. Chevrolet Avalanche kuma, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2013, daga babban jif ɗin Suburban ta samo asali, tana da wata ƙofa tsakanin kujerun baya da bodi wadda ake kwantarwa idan kaya sun yi tsawo. Waɗannan ukun an yi su ne domin mutumin Amurka da ke tafiya a kan lafiyayyen titi, yana ɗaukar kaya jefi-jefi.

Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda. Motar da ta fi daɗin zama ba za ta kai ɗayar ɗaukar nauyi ba, wadda ta fi ɗaukar nauyi kuma ba za ta kai ɗayar daɗin zama ba. Wanda duk mako zai loda buhuna ya shiga hanyar ƙauye, gida na farko ne nasa. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce, sai lokaci-lokaci ya ɗauki firji ko ragon layya, gida na biyu zai iya wadatar da shi, muddin ya tabbatar akwai kayan gyaranta a garinsu.

Lissafin nauyi

Akwai wata 'yar takarda da ake liƙawa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko wani ƙaramin allon ƙarfe a jikin motar, da ke nuna iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka. Abin da masu saye da dama ba su lura da shi ba shi ne, wannan adadi ya haɗa da nauyin mutanen da ke ciki. A misali, idan an rubuta kilo 900, kuma manya biyar suka shiga, kowane mai kilo 70, kilo 350 sun tafi. Abin da ya rage kilo 550 ne, wato buhun siminti 11, ko buhun masara mai kilo 100 guda biyar da rabi. Ridgeline kuwa, wadda iyakarta ba ta wuce kimanin kilo 700 ba, buhun siminti bakwai kawai za ta ƙara a kan waɗancan mutum biyar.

Tsawon bodin ma abin dubawa ne. A motocin masu ƙofa huɗu yawanci kimanin mita ɗaya da rabi ne, domin kujerun baya sun cinye filin. Mai sayar da rodi ko katako ko kwanon rufi zai tarar kayansa sun zarce bodin nesa ba kusa ba. Mai sayar da atamfa ko kayan lantarki kuma sai ya tuna cewa bodin a buɗe yake ga ruwan sama da ƙura da hannun ɓarawo a cunkoso, don haka kuɗin murfi ko rumfar ƙarfe ya shiga lissafi tun farko.

Bodin ba wurin zaman mutane ba ne, balle yara. Babu bel, babu abin riƙewa, taka birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya jefar da mutum a kan kwalta. Iyalin da suka haura mutum biyar, wannan mota ba za ta ɗauke su a tafiya ɗaya ba, kuma gara a san haka kafin a biya kuɗi.

Fetur ko dizal

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, shan mai ya zama tambayar farko da ake yi wa kowace mota. Hilux ɗin da aka fi sani a Najeriya tana da injin fetur mai girman lita 2.7, mai silinda huɗu, wanda kusan kowane makanike ya saba da shi. Tacoma da Frontier da yawa suna zuwa da injin lita 4.0 mai silinda shida, Ridgeline da lita 3.5, Avalanche kuwa da lita 5.3 mai silinda takwas. Girman inji yana ba da ƙarfi, amma da fetur ake biyan kuɗin ƙarfin.

Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka mutum yana tafiyar kilomita 40 a rana, kwana 25 a wata, ya yi kilomita 1,000 ke nan. Motar da ke shan lita 12 a kowace kilomita 100 za ta ci lita 120 a wata, wadda ke shan lita 17 kuwa za ta ci 170. Tazarar lita 50 ce a wata, lita 600 a shekara. Idan aka ninka wannan da kuɗin lita ɗaya a gidan mai, sau da yawa sai a ga cewa rangwamen da aka samu wajen sayen mai babban inji zai riƙa raguwa a kowace shekara. Wannan ne ya sa manyan motocin Amurka suke da araha a garejin dillalai, araha kuwa ba ta ado.

Injin dizal, wanda direbobi ke kira gas, ya fi jan nauyi kuma ya fi tsimin mai a doguwar tafiya. Sai dai sababbin injinan dizal ba su haƙuri da gurɓataccen mai. Ruwa kaɗan ko datti a cikin tanki ya isa ya lalata nozul da famfon mai, gyaransu kuwa yana da tsada, masu iya shi ma ba ko'ina ake samunsu ba. Waɗanda aka ƙera domin kasuwar Turai suna da ƙarin matacin toka a cikin salansa, wanda ke buƙatar tsabtataccen mai da doguwar tafiya a kai a kai kafin ya ƙone abin da ya tara. Motar da kullum a cunkoson cikin gari take, wannan mataci yakan toshe mata, ƙarfinta ya ragu. Don haka dizal ya fi dacewa da wanda ke yawan tafiya tsakanin garuruwa kuma yake da gidan man da ya amince da shi.

Mai tunanin mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ta CNG, injin fetur ne ya fi sauƙin juyawa. Amma tukunyar gas ɗin tana da nauyi, kuma yawanci a cikin bodi ake ɗaura ta, ta ƙara rage filin da tun farko bai da yawa.

Daga ina ta fito?

Tarihin mota yana bin ƙasar da ta fito. Ba a sayar da Hilux a Amurka, Tacoma ce ta maye gurbinta a can tun 1995. Saboda haka dillalin da ya ce Hilux ɗinsa daga Amurka aka kawo ta, maganarsa tana buƙatar bincike.

Motocin Amurka da Kanada babbar matsalarsu tsatsa ce. A yankunan da ƙanƙara ke sauka, ana watsa gishiri a kan tituna domin ya narkar da ita, gishirin kuma yana cin ƙarfen shasi daga ciki. A shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da wani sulhu a kotun Amurka, wanda aka ƙiyasta zai kai Dala biliyan 3.4, a kan tsatsar shasin Tacoma na 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. An sauya wa wasu shasi, wasu kuwa ba su samu ba, kuma daga cikin waɗannan akwai waɗanda suka ƙetaro teku. Frontier mai giyar otomatik ta 2005 zuwa 2010 ita ma an san ta da matsalar lagireto, inda ruwa ke tsallakawa ya gauraya da man giya, har kamfanin Nissan ya tsawaita wa'adin garantin lagireton. Idan man giyar irin wannan mota ya koma kamar madara mai ruwan hoda, to ɓarna ta riga ta auku.

Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka ta tashoshin jiragen ruwa na Legas, a wuraren gwanjon kamfanonin inshora irin su Copart da IAA ake sayensu, bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta shanye su. Guguwar Harvey ta 2017 kaɗai ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a yankin Houston. Motar da ta yi ƙaramin haɗari aka gyara ta da kyau ba laifi ba ce, idan an faɗi gaskiya kuma farashinta ya nuna haka. Wadda ruwa ya shanye kuwa ciwonta ba ya warkewa, domin wayoyi da kwamfutocinta za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma batun sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972, kuma dokokin hanya ba su amince da mota mai sitiyari a dama ba. A ƙasashe irin su Tailan da Japan da Ingila da Afirka ta Kudu kuwa sitiyarin a dama yake. Wasu 'yan kasuwa sukan sayo irin waɗannan a juya musu sitiyari kafin a kawo su kasuwa. Idan aikin bai yi kyau ba, rayuka ne a cikin haɗari, domin an taɓa sitiyari da birki da wayoyi. Alamomin da ke tona asiri sun haɗa da faci ko walda a bangon da ya raba inji da ɗakin direba, da maɓallin buɗe bonet a ɓangaren fasinja, da sandunan goge gilashi da ke sharewa ta gefen da ba na direba ba.

Motar da aka yi amfani da ita a gida ita ma tana da nata labarin. Da yawa daga hukumomin gwamnati da kamfanonin gine-gine da ƙungiyoyin agaji suke fitowa. Wasu an kula da su bisa ƙa'ida, har da littafin da ke nuna ranakun juye. Wasu kuwa direbobi goma ne suka yi ta karɓa-karɓa a kansu, ko sun shafe shekaru suna rakiyar ayari, injin yana kunne awa da awanni a tsaye, abin da agogon kilomita ba ya nunawa.

Abin da lambar shasi ke faɗa

Lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta. Ana samunta a ƙasan gilashin gaba ko a ginshiƙin ƙofa, kuma a motocin aiki da yawa an buga ta a jikin ƙarfen shasin kansa. Wajibi ne ta zama iri ɗaya a duk waɗannan wurare da kuma a takardu. Wurin da aka ga alamar goga ko walda ko sabon fenti a kewayen lambar, ciniki ya ƙare a nan.

Farkon lambar yana nuna ƙasar da aka ƙera motar. J na Japan ne, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 na Kanada, 3 na Meziko. Toyota da aka ƙera a Tailan tana farawa da MR0, ta Afirka ta Kudu kuma da AHT. Wannan ba ya nufin an juya mata sitiyari, domin masana'antun biyu suna ƙera masu sitiyari a hagu don fitarwa waje. A motocin da aka yi domin kasuwar Amurka, abu na goma a jerin yana nuna shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A na nufin 2010, B 2011, haka har zuwa gaba.

Sanin shekarar gaskiya yana da muhimmanci saboda wata sana'a da ta bunƙasa, ta sauya wa tsohuwar mota fuska. Ana ɗaukar Hilux ta 2008 a sa mata fitilu da bamba da bonet irin na sabon zubi, a fesa mata fenti, wanda bai sani ba ya ɗauka ta shekarun baya-bayan nan ce. Yin haka don ado ba laifi ba ne, amma sayar da ita a kan kuɗin sabon zubi ha'inci ne. Ga motocin Amurka, ana iya biyan kuɗi kaɗan a intanet a samu rahoton tarihinsu daga kamfanoni irin su Carfax, wani lokaci ma a ga hotunan motar a wurin gwanjo kafin a gyara ta. Rahoton yakan nuna adadin tafiyar da ta yi, wanda za a gwada da abin da agogo ke nunawa. A tuna cewa agogon motocin Amurka da mil yake ƙirga, mil 100,000 kuwa kimanin kilomita 160,000 ne.

A leƙa ƙasa kafin a kalli sama

Ba a cinikin biri a sama. Hoto da bidiyo a waya ba su isa hujjar tura kuɗi ba. A je da rana, da makaniken da mai saye ya ɗauko da kansa kuma shi zai biya shi, wanda ba shi da wata alaƙa da dillalin. A nemi a kai motar kan rami ko a ɗaga ta. A bi shasin daga gaba zuwa baya da tocila da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta cinye kuwa yana amsawa a dushe, wani lokaci har ya ɓurme. Baƙin fenti mai kauri da aka fesa kwanan nan a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. A duba wurin da ɗakin fasinja ya haɗu da bodi: idan tazarar da ke tsakaninsu ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya, alama ce ta shasin da lodi ko haɗari ya lanƙwasa. Fallayen sifirin da suka miƙe sumul, ko aka ƙara musu wasu, suna ba da labarin irin lodin da motar ta sha.

Injin kuma a sanyi ake son a tayar da shi, domin zafi yana ɓoye ƙara da wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi alamar ƙona baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai, idan an ga kumfa mai kama da madara, a yi hattara. Duk fitilun gargaɗi na gaban direba su kama idan an murɗa makulli, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala, musamman ta jakar iskar da ke kare mutum a haɗari. Na'urar gwajin kwamfuta tana taimakawa a nan. A kuma tabbatar ba a cire matacin hayaƙin cikin salansa ba, wanda makanikai ke kira indomi, domin ana yawan sace shi saboda tsadarsa.

Wasu injinan da bel suke aiki a ciki, wasu da sarƙa. Injinan dizal na Hilux masu lita 2.5 da 3.0 na zubin 2005 zuwa 2015 bel gare su, wanda ake sauyawa a kilomita 150,000, haka ma injin Ridgeline bel ne. Idan babu shaidar an sauya shi, a ɗauka ba a sauya ba, a sa kuɗinsa a lissafi, domin tsinkewarsa a kan tafiya na iya kashe injin gaba ɗaya.

Don gano motar ambaliya, a ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarfen da kujeru ke gudu a kai, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai tabon laka. Tayoyi ma suna da shekarar haihuwa: alƙaluma huɗu a gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayoyin irin wannan mota guda huɗu kuɗi ne mai kauri.

Gwajin tuƙi ya haɗa da titi mai kyau da kuma hanya mai gargada. Idan an ce motar mai ja da ƙafa huɗu ce, a kai ta kan ƙasa ko yashi a sa giyar a ga ta shiga ta kuma fita. Ba a gwada wannan giya a busasshiyar kwalta a motocin aiki irin su Hilux, domin yin haka yana ɓata ta. A kuma leƙa a tabbatar akwai sandar da ke kai ƙarfi zuwa ƙafafun gaba, domin akwai motoci masu tsayi da kamannin masu ja da huɗu, kamar Tacoma PreRunner, alhali da ƙafafun baya kawai suke ja. Wanda ba ya barin kwalta ba ya buƙatar wannan giya, ƙarin nauyi ce da ƙarin shan mai da ƙarin abin gyara.

Takardu

Mota mai lafiya marar takardu ta fi mota mai ciwo haɗari ga aljihu, domin ita rana ɗaya ake rasa ta. A ranar 1 ga Janairun 2017 dokar hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa ta fara aiki, kuma motoci da yawa da suka biyo ta ɓarauniyar hanya bayan nan suna yawo da takardun bogi ko na kuɗin fito da ba a biya cikakke ba. Jami'an Kwastan suna da ikon kama irin wannan mota a hannun duk wanda suka same ta, ko da shi ne na uku da ya saya. Hanyar kariya ita ce a ɗauki takardun shigowar motar a kai ofishin Kwastan a tantance su kafin a biya kuɗi.

Ga motar da ta riga ta yi rajista, a gwada sunan da ke kan takardar mallaka da katin shaidar mai sayarwa, a kuma tantance lambar motar a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko ofishin lasisi na jiha. Wadda ta fito daga wata hukuma ko kamfani, sai an ga takardar gwanjo ko ta sallamawa mai ɗauke da lambar shasinta. A rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu, a biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, a fayyace la'adar dillali tun kafin a shiga ciniki, sannan a gaggauta sauya sunan mallaka. Irin waɗannan motoci suna da farin jini a wurin ɓarayi, don haka binciken asalinsu ya fi na ƙaramar mota muhimmanci, kuma na'urar bin sawu ba almubazzaranci ba ce.

Bayan an karɓi makulli

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Babu motar hannu da ba ta buƙatar a kashe mata wani abu a watannin farko, ko juye ne, ko birki, ko batir, ko ƙafafu. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kuɗin saye, ranar da ta fara tari sai ya ajiye ta a ƙofar gida. Ya fi kyau a rage buri, a sayi wadda ta ɗan girme, a bar wani kaso na kuɗin a gefe.

Kafin a yanke shawara, yana da amfani mai saye ya zaga kasuwar kayan gyara ta garinsu, Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ya tambayi kuɗin fitilar gaba da lagireto da famfon mai da gilashin gaba na motar da yake so. Idan a shago na farko aka ɗauko masa su, alama ce mai kyau. Idan kuwa kowa cewa yake sai an aika Ladipo a Legas, ko sai an yi oda daga waje, to ya san cewa ranar da motar ta tsaya, makonni za ta yi a gareji. A wannan fanni Hilux ta yi wa sauran nisa, kuma kayanta da yawa suna shiga jif ɗin Fortuner, kamar yadda na Ridgeline da yawa suke zuwa ɗaya da na Pilot. Wannan sauƙin ne ya sa take riƙe darajarta idan an tashi sayarwa, shi ne kuma ya sa take da tsada wajen saye.

Akwai ma wanda, idan ya zauna ya ƙirga sau nawa a shekara yake ɗaukar kayan da ba za su shiga but ɗin ƙaramar mota ba, zai tarar bai wuce sau biyar ko shida ba. Irin wannan mutum, ƙaramar mota mai tsimin mai da hayar a-kori-kura a ranar da buƙata ta taso za su fi yi masa sauƙi. Wanda kuwa lodi da hanyar ƙauye suka zama aikinsa na kowane mako, motar za ta biya kuɗinta, idan ya zaɓi wadda aka gina domin aikin, shasinta lafiyayye, takardunta kuma sun tsallake tantancewar Kwastan da ofishin lasisi kafin kuɗi su bar hannunsa.